Yadda Ake Raba Titi Lafiya: Jagora ga Mai Tafiya a Ƙasa, Mai Keke da Direba

Bayan kusan kowane haɗari tsakanin mota da mutum, maganganu biyu ake ji. Direba ya ce, "Wallahi ban gan shi ba, kawai ganinsa na yi a gabana." Wanda aka buge kuma, in da sauran kwana, ya ce, "Ai na ɗauka ya gan ni." Sau da yawa dukansu gaskiya suka faɗa. Shi ya sa duk matakan da ke tafe suke komawa ga abu uku: ka sa a gan ka, ka nemi wanda bai fito fili ba tukuna, sannan ka bar sararin da zai ɗauki kuskure, naka ko na wani.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan tituna duk shekara. Fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, wato waɗanda babu ƙarfe a kewaye da jikinsu. Kuma a tsakanin 'yan shekara 5 zuwa 29, babu abin da ya kai haɗarin titi kisa.

Lissafin gudu, kafin komai

Akwai ɗan lissafi da ya kamata ya zauna a kan kowa, ko bai taɓa riƙe sitiyari ba. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a sakan ɗaya. Mai gudun 30 tana cin mita 8 da 'yan kai. Direban da idonsa ke kan hanya yana buƙatar kamar sakan ɗaya tsakanin ganin abu da ɗora ƙafa a birki. To a ce yaro ya faɗo titi a gaban motoci biyu, kwalta a bushe, tayoyi da birki lafiya lau. Mai gudun 30 zai tsaya cak a wajen mita 13. A daidai wannan wurin mai gudun 50 bai ma taɓa birki ba, da cikakken gudunsa zai iske yaron, kuma sai ya yi wajen mita 28 kafin ya tsaya.

Abin da ke kawo haka shi ne, in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ninkuwa, haka ma ƙarfin bugun. Saboda wannan ne taron ministocin duniya kan kiyaye haɗura da aka yi a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 2020 ya nemi a ƙayyade gudu a kilomita 30 a wuraren da mutane da motoci ke yawan cakuɗuwa. Direba zai ji kamar rarrafe yake, amma a cikin gari danja da cunkoso ne ke cinye lokaci, kuma wanda ya wuce ka a guje galibi za ka tarar da shi a mahaɗa ta gaba.

Idan a ƙasa kake

Fara da inda za ka taka. In akwai gefen da aka ware wa masu tafiya, bi shi, ko da ya fi rashin daɗin tafiya. In babu, bi hannun da za ka fuskanci motocin da ke tahowa, domin ka ga abin da ke nufo ka, ka iya kaucewa. In kuna da yawa, ku jeru ɗaya bayan ɗaya. A kwana mai kaifi wadda ba a hango gaba, gara ka tsallaka tun da wuri ka koma ɓangaren waje, inda direba zai hango ka daga nesa, in an wuce kwanar ka dawo.

Tsallakawa ita ce babbar magana, kuma rabin aikin yana cikin zaɓen wuri. Wurin da aka zana farin layi don tsallakawa, ko wurin danja, ko gadar sama, su ne na farko, ko da za ka ƙara 'yar tafiya. In babu ko ɗaya, nemi inda kake hango nesa ta dama da hagu. Ka guji kan kwana, da gab da tudu, da tsakanin motocin da aka faka, da gaban bas ɗin da ta tsaya sauke fasinja. Wanda ya sauka daga bas ya bari ta tashi tukuna, domin jikinta katanga ce da ta ɓoye shi daga duk mai zuwa daga baya.

Da ka isa bakin titi, tsaya. Cire abin sauraro daga kunne, sa waya a aljihu. Fara duba ɓangaren da motocin layin da ke kusa da kai suke fitowa. A ƙasashen da ake tuƙi ta hannun dama, hagu za ka fara dubawa, sai dama, sai ka sake duba hagu. A inda ake tuƙi ta hagu, kamar Birtaniya da Indiya da Japan, akasin haka ne, kuma baƙo yana yawan mantawa don wuyansa ya saba da juyawa gefe guda. Ko titin mai hannu ɗaya ne, duba duka ɓangarorin, saboda mai aron hannu ba ya sallama.

Sai auna tazara, inda mutane da yawa ke yaudarar kansu. Titi mai layi biyu yana kai wajen mita 7, kuma babban mutum mai tafiya daidai zai ɗauki kamar sakan 6 kafin ya haye. Mota mai gudun kilomita 60 tana cin mita 100 a cikin waɗannan sakan 6. Wato motar da kake hangowa can nesa kana cewa "ai da saura", tana iya isowa kafin ka gama hayewa. Ido yana iya gane nisa, amma ba ya ƙware wajen gane gudun abin da ke nufo shi kai tsaye, musamman babur, wanda ƙanƙantarsa ke sa a ga kamar ya fi nisa. In kana da kaya a ka, ko tsufa, ko ciwon ƙafa, ƙara wa lissafin.

Ko a kan zanen tsallakawa, inda doka ta ba ka gaskiya, kada ka jefa ƙafa sai ka tabbatar motar tana rage gudu da gaske. Dubi fuskar direba in gilashi ya bari, amma abin da ya fi tabbas shi ne tayoyi da hancin motar: in ya taka birki za ka ga gaban ya ɗan duƙa. Direba yana iya kallon inda kake, hankalinsa na wani wuri.

Ga tarkon da ya fi kowane muni a ganina, don yana kama masu natsuwa ma. Titi mai layi biyu da ke tafiya waje ɗaya, motar layin farko ta tsaya ta ba ka hanya, direban har da ɗaga maka hannu. Ka ji daɗi, ka ɗaga ƙafa don kada ka ɓata masa lokaci, ka fito daga gabanta, sai ga wata a layi na biyu wadda ba ta san dalilin tsayawar ta farkon ba. Maganinsa shi ne ka ɗauki kowane layi a matsayin titi mai zaman kansa. In ka kai ƙarshen gaban motar da ta tsaya, dakata, leƙa, sannan ka ci gaba. Haka in titi yana da tsibiri a tsakiya: ka haye rabi, ka tsaya, ka sake duba daga farko.

Ka miƙe sak wajen hayewa, ba a karkace ba, da tafiya mai ƙarfi amma ba gudu ba. In ka riga ka shiga, kada ka yi ta gaba da baya. Direban da ya hango ka ya riga ya lissafa inda za ka kai, ya karkata ta bayanka, komawarka da baya kuwa kai tsaye gabansa za ta kai ka.

Yara kuma sha'aninsu daban ne. Yaron da bai kai wajen shekara 10 ba bai iya auna gudun mota ba, gajere ne da motar da aka faka za ta ɓoye, kuma in ƙwallonsa ta gangara titi, babu abin da ya rage a duniyarsa sai ita. Riƙe shi a wuyan hannu, don tafin hannu yana saurin zamewa, ka sa shi ta ɓangaren da ba na motoci ba. In kuna tsallakawa, riƙa faɗin abin da kake yi a bayyane: "Mun tsaya. Mun duba nan. Waccan tana gudu, mu bar ta." Da haka yake koya, kuma ranar da ya ga ka tsallake a guje ta ƙarƙashin gadar sama, ita ma ya koya.

Idan a kan keke kake

Kafin ka hau, matsa birkin gaba ka tura keken, sannan na baya. Danna tayoyi da yatsa, dubi sarƙa, kaɗa ƙararrawa. In akwai yiwuwar duhu ya same ka a hanya, sai da fitila fara a gaba da ja a baya. Hular kwano ta zauna daidai a kan goshi, kamar yatsa biyu sama da gira, a ɗaure igiyarta yadda yatsa ɗaya ko biyu kawai za su shiga ƙarƙashin haɓa. Wadda ba a ɗaure ba tana barin kai tun kafin kan ya taɓa ƙasa.

Mai keke, saɓanin mai tafiya a ƙasa, hannun da motoci ke bi yake bi. Wasu suna ganin fuskantar motoci ya fi, tunda ana ganinsu. Lissafi bai yarda da haka ba: in kuna tafiya waje ɗaya, gudunka ana cire shi ne daga na motar, in kuna fuskantar juna kuwa haɗa su ake yi. Ban da haka, direban da ke fitowa daga lungu yana duba inda yake tsammanin motoci ne, ba ya neman keke daga ɗaya ɓangaren.

Kada ka manne da bakin kwalta. Nan ne yashi da ramuka da fasassun kwalabe suke taruwa, kuma mannewar tana gayyatar direba ya matse ka ya wuce a inda babu wurin wucewa. Bar kamar mita ɗaya tsakaninka da gefe. Haka in kana wuce jerin motocin da aka faka, bar faɗin ƙofa, kana duban ko akwai kai a kujerar direba, ko fitilar birki da ta mutu yanzu, alamar wani na shirin fitowa. In hanya ta tsuke har mota ba za ta iya wuce ka lafiya ba, shiga tsakiyar layi na ɗan lokaci, in ta buɗe ka koma gefe ka ba da hanya. Za a yi maka hon, amma wanda ya yi maka hon ya gan ka ke nan.

Tafi a miƙe, ban da saƙa tsakanin motoci. Duk lokacin da za ka karkata, tsarin ɗaya ne: waiwaya, miƙa hannu sosai ta inda za ka, sake waiwayawa, sannan ka juya da hannu biyu a kan keke. Waiwaye ba tare da keken ya karkace ba abu ne da ake koyo a fili, kafin a kai shi titi. A babbar mahaɗa inda juyawa ke nufin ratsa layuka da yawa, babu kunya ka raba ta biyu: ka miƙe ka haye zuwa ɗaya kusurwar, ka tsaya, ka juya keken, ka jira hannu ya zo naka. Ko ma ka sauka ka tura.

Manyan motoci sai an ɗan tsaya a kansu. Direban tirela ko tanka ko bas yana zaune ne a sama, kuma akwai wurare a gabansa dab da hanci, da gefensa, da bayansa, inda keke ke ɓacewa gaba ɗaya. In ba ka ganin fuskarsa a madubinsa, shi ma ba ya ganin ka. Doguwar mota in za ta sha kwana, takan fara buɗewa zuwa ɗaya ɓangaren, sai ta bar wani fili a gefe mai kama da hanya. Tayoyinta na baya ta cikin wannan filin za su bi, don ba sa bin sawun na gaba, yanke kwana suke yi. Kada ka taɓa shiga tsakanin babbar mota da gefen titi a kusa da mahaɗa, ko tana tsaye. Tsaya a bayanta da tazara ka bar ta ta tafi.

In ana ruwa, birkin keke yana jinkirin kamawa, farin fenti da murafen ƙarfe kuma suna santsi, sai a fara rage gudu da wuri. A cikin mutane kuwa kai ne babba: rage gudu, kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, ka wuce ta bayan mai tsallakawa.

Idan kai ne a sitiyari

A 2022 Birtaniya ta sa wata ƙa'ida a kundin dokokin hanyarta, cewa wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna shi ya fi ɗaukar nauyin kiyaye sauran: mai tirela kafin mai ƙaramar mota, mai mota kafin mai keke, mai keke kafin mai ƙafa. Ko ba ta cikin dokar ƙasarka, ina ganin ita ce madaidaiciyar hanyar tunani. Kuskuren mai tafiya a ƙasa jikinsa yake ci, naka kuwa jikin wani.

Kafin ka tayar, zagaya motar, musamman in akwai yara a kusa. Daidaita kujera da madubai, ɗaura bel, ka tabbatar na baya ma sun ɗaura. Bel mai kama kafaɗa da ƙugu, wanda injiniya Nils Bohlin ya ƙera wa kamfanin Volvo a 1959, yana rage haɗarin mutuwar na cikin mota da kusan rabi. Waya kuma a ajiye ta inda hannu ba zai kai ba. Mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi yiwuwar yin haɗari wajen sau huɗu, kuma sa ta a lasifika bai rage wani abin kirki ba, tunda hankali ne ke tafiya. Duba saƙo na sakan biyu a gudun 50 daidai yake da tafiyar mita 28 ido a rufe.

A kan hanya, jefa ido nesa, kana karanta alamun abin da bai faru ba tukuna. Ƙafafu a ƙarƙashin motar da aka faka. Bas da ta tsaya. Ƙwallo da ta gangaro, wadda kusan kullum akwai yaro a bayanta. Mutum a bakin titi da ke kallon ɗaya ɓangaren. Da ka ga irin wannan, ɗaga ƙafa daga totur ka ɗora ta saman birki tun kafin a buƙata, ka ga ka rage wancan sakan ɗin da ke cin mita 14. Ka fi yin hattara a hanyar da ka saba bi. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. A nan hannu ke tuƙi shi kaɗai, kai kana can kana tunanin wani abu.

Tsakaninka da motar gaba, bar aƙalla sakan biyu: in ta wuce wani turke ko alama, ƙirga, kada ka iso wurin kafin ka gama. In ana ruwa, ninka. In ka ga mota ta tsaya a wurin tsallakawa, ko ta tsaya ba ka san dalili ba, kada ka sha gabanta, mai yiwuwa mutum ne a gabanta. Kai ma in ka tsaya wa mai tsallakawa, tsayawar ta isa. Kada ka yafito shi da hannu, don ba ka da iko da layin da ke gefenka.

Wajen wuce mai keke, ba shi aƙalla mita ɗaya da rabi, fiye da haka in kana gudu sosai, saboda yana iya kauce wa rami ba shiri. In babu wannan sararin, bi shi a baya har ya samu. Kada kuma ka wuce shi sannan nan take ka sha kwana ta gabansa. Kunna sigina da wuri, duba madubi, waiwaya ta kafaɗa. A mahaɗa, ƙarfen da ke tsakanin gilashin gaba da na ƙofa yana iya ɓoye mutum sukutum ko babur, don haka motsa kanka gaba da baya ka leƙa ta bayansa, ka duba sau biyu.

In ka faka, buɗe ƙofa da hannun da ya fi nisa da ita. Wannan dabara, da aka fi danganta ta da ƙasar Holan, tana tilasta wa jiki juyawa har ido ya ga keken da ke tahowa daga baya. Koya wa fasinjoji ma. In za ka yi ribas, yi a hankali kamar mai tafiya da ƙafa, gilashi a sauke don ka ji ihu.

Barci da maye ba su da dabara. Buɗe taga da ƙara sautin rediyo ba sa korar gyangyaɗi, tsayawa a yi ɗan barci ne kawai ke yi. Haka giya da ƙwaya da magungunan da ke sa jiki mutuwa, ciki har da wasu na mura: in ka sha, ba da makulli.

Da dare

Mai tafiya a ƙasa yana ganin fitilar mota tun daga nesa, sai ya ɗauka shi ma ana ganinsa. Ba haka ba ne. Mai baƙaƙen kaya yakan bayyana ne a hasken ƙaramar fitila lokacin da birki ya kusa makara. Sa kaya masu haske, ko abin da ke ƙyalli in haske ya doke shi, kuma ya fi aiki a idon sawu da wuyan hannu, don motsinsu ke sanar da direba cewa mutum ne. Ko fitilar waya ka kunna ka riƙe ta ƙasa ƙasa, ta taimaka. Direba kuma ya yi gudun da zai iya tsayawa a cikin iyakar abin da fitilarsa ta haska, ya rage babbar fitila in wani na tahowa, in an kashe masa ido ya dubi gefen hanya ya rage gudu. Gilashi mai ƙura yana watsa haske ya ninka matsalar, a goge shi ciki da waje.

In abin ya riga ya faru

Fara da hana haɗari na biyu: tsaya a wuri mai kyau, kunna fitilun gargaɗi, ajiye alamar kusurwa uku da nisa a bayan wurin, ka sa wani ya riƙa tsayar da motoci daga gefe. Kira lambar agajin gaggawa ta ƙasar da kake, ka faɗi wurin daidai da yawan waɗanda suka ji rauni. Kada a ɗaga wanda ya faɗi ko a ja shi, sai in wuta ko motoci na barazana gare shi, domin in ƙashin wuya ko na baya ya taɓu, ɗagawar na iya jawo shanyewar jiki. Kada a cire masa hular kwano in yana numfashi lafiya, kada a ba shi ruwa ko abinci. In jini na zuba, danna wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, in ya jiƙe a ƙara wani a kai ba tare da cire na farko ba. Riƙa yi masa magana, kana lura da numfashinsa har masu agaji su iso. Wanda kansa ya bugu kuma, ko ya miƙe ya kakkaɓe jiki ya ce babu komai, a kai shi asibiti a duba, saboda zubar jini a cikin kai yana iya ɗaukar awanni kafin ya nuna alama.